Akoko: Zama Bayarabe Daban, Harshen Cikin Gida Daban

Duk direban da ya saba sauke kaya daga Arewa zuwa Ikko ta hanyar Lokoja ya san wurin, ko da bai riƙe sunansa ba. In ka bar Okene, ka wuce Ibillo, ka faɗa Isua, duwatsu suka fara tare maka ido dama da hagu, to ka shigo ƙasar Akoko. A lissafinmu na Hausawa, daga nan ƙasar Yarabawa ta fara, shi ke nan. Kuma ba za a ce mun yi ƙarya ba, domin mai sayar da ayaba a bakin titi da Yarbanci za ta yi maka ciniki, da shi ake wa'azi a masallaci da coci, sarakunan ma Oba ake ce musu. Sai dai mutumin Isua in ya koma cikin gida ya zauna gaban mahaifiyarsa, harshen da za su yi hira da shi, wanda masana ke kira Uhami, dangin na mutanen birnin Benin ne. Bayaraben Ibadan in ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ba zai kama bakin zaren ba.

Isua ɗaya ce daga ciki. Akoko ta jihar Ondo ƙananan hukumomi huɗu ce kacal: ta Arewa maso Gabas mai hedkwata a Ikare, ta Arewa maso Yamma a Okeagbe, ta Kudu maso Gabas a Isua, da ta Kudu maso Yamma a Oka. Can a jihar Edo kuma ga Akoko-Edo, hedkwatarta Igarra. Ƙasa ce da mota za ta ratsa cikin 'yan sa'o'i, amma harsunan da ke cikinta sun isa su rikita mai lissafi. Mutanen Ikare da Oka da Akungba karin harshen Yarbanci suke yi, wannan babu gardama. Isua da Epinmi da Ipe nasu dangin Edo ne. Ikaram da Ibaram da Gedegede da Akunnu suna da wani daban, wanda littattafai suka daɗe suna kira Akpes, yanzu kuma ake ƙara jin sunan Abesabesi. Ikakumo da Auga da Ise suna yin Ukaan. Akwai Ahan a wajen iyaka da Ekiti, ɗan'uwan Ayere na Ijumu a jihar Kogi. Mutanen Igarra su kuma wani nau'in harshen Ibira ne a bakinsu. Sannan ga wanda ake nufi in an ce "harshen Akoko" a rubuce-rubucen masana, wato gungun da ake yi a Arigidi da Erusu da Oyin da Igasi da Uro da unguwannin Okeagbe huɗu, Afa da Oge da Aje da Ido. Arigidi dai ita ce mahaifar marigayi T.B. Joshua, in mai karatu na neman abin da zai riƙe sunan da shi.

Ra'ayina a kan wannan gungu na ƙarshe da maƙwabtansa irin su Ukaan da Akpes shi ne, harsuna ne masu cin gashin kansu, ba karin harshen Yarbanci ba, kuma ya kamata makaranta da gidan rediyo da hukuma su kira su da sunayensu. Faɗin haka bai fitar da ko mutum ɗaya daga cikin Yarabawa ba. A ƙasar nan mun saba cakuɗa asalin harshe da asalin mutum, kuma ƙananan harsuna ne ke biyan kuɗin wannan cakuɗawar.

Rashin fahimtar yana farawa ne daga abin da mutane ke tsammanin masana harshe suna yi in sun ce sun rarraba harsuna dangi-dangi. Ba sa zuwa fada su tambayi sarki daga ina kakanninsa suka taso. Ba sa duba sutura ko zanen fuska ko addini. Abin da suke yi shi ne su ɗauki kalmomin da kowace al'umma take da su tun fil azal, waɗanda ba a cika aronsu ba: sassan jiki, ƙidaya ta farko-farko, ruwa, wuta, ci, sha, mutuwa, ni da kai da mu. Sai su jera su kusa da juna su ga ko akwai kama, kuma ko kamar tana bin ƙa'ida, wato duk inda wannan harshe ya sa wani sauti, wancan yana da takamaiman sautin da yake sakawa a gurbinsa. Yarbanci yana ce wa ruwa omi, Igala ma omi, Itsekiri ma haka. Ido oju ne a Yarbanci, eju a Igala. Kunne eti ne a duka biyun. Irin wannan kama, da ta ratsa ɗaruruwan kalmomi har ta shiga nahawu, ita ta sa aka haɗa harsunan nan uku a reshe ɗaya, kuma wani binciken digiri na uku da aka kammala a Jami'ar Ibadan a 1978 ya kafa wa haɗin ginshiƙi.

A nan ne abin yake ba mutane mamaki. Mutumin Idah a jihar Kogi, wanda ba ya kiran kansa Bayarabe, wanda siyasa ta ajiye a Arewa tun zamanin Turawa, harshensa na Igala ya fi kusa da Yarbanci a kan na mutumin Arigidi da ya tashi yana jin kansa jikan Oduduwa, wanda Yarabawa suke ɗauka kakansu. Babu wanda ya taɓa kafa hujja da wannan ya ce Igala su koma ƙarƙashin Ooni na Ife. To me zai sa a juya hujjar a ce tun da mutanen Arigidi Yarabawa ne, dole harshensu ya zama Yarbanci?

Tarihin yadda aka yi ta ɗaga harshen Akoko daga wannan gurbi zuwa wancan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1963 Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya tsara harsunan Afirka zuwa manyan gidaje huɗu, ya sa Yarbanci da Edo da Ibo da Nufanci a rukunin da ake kira Kwa, tare da harsunan Gana irin su Akan, duk a cikin babban gidan Neja-Kwango. A 1977 Patrick Bennett da Jan Sterk suka ƙirga kalmomi suka nuna cewa waɗannan harsuna na Nijeriya sun fi kusa da rukunin Binuwai-Kwango, wanda harsunan Bantu suke ciki, aka kuwa mayar da su can. A shekarun 1970 ɗin ne kuma Carl Hoffmann na Jami'ar Ibadan ya ware harsunan su Arigidi a matsayin gungu na musamman na Arewacin Akoko. Hoffmann ɗin nan shi ne ya rubuta nahawun Margi, kamar yadda Herrmann Jungraithmayr, wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga harsunan Cadi dangin Hausa, yana cikin na farko-farkon da suka rubuta wani abu a kan Ukaan a 1973. Ke nan waɗanda suka fara leƙa Akoko da idon bincike, wasunsu daga wajenmu suka gangara.

A 1989 Hounkpati Capo, masani daga Jamhuriyar Benin, ya haɗa gungun Akoko da Ayere da Ahan da reshen Yarbanci a ƙarƙashin inuwa ɗaya da ya raɗa wa suna Defoid. Wannan suna ya bazu, har yau ɗalibai suna haddace shi don jarrabawa. Amma a 2000 Kay Williamson, wadda ta daɗe a Jami'ar Fatakwal, tare da Roger Blench suka warware ƙullin. A tsarinsu gungun Akoko reshe ne mai zaman kansa, kafaɗa da kafaɗa da reshen Yarbanci da na Edo da na Ibo, babu wanda ya fi wani kusa da shi a bisa hujjar da ke hannu. Akpes suka ba shi gurbinsa daban, Ayere da Ahan ma haka. Ukaan kuwa shi ne ya fi ba kowa ciwon kai. Yana da azuzuwan suna, wato kowane suna yana da ajinsa, kuma sifa da sauran kalmomin da ke tare da shi sai sun dace da ajin, irin abin da mai jin Fulatanci ko Swahili ya sani, alhali Yarbanci ba shi da wannan tsari. Wasu sun jingina shi da Edo, wasu sun hango shi can wajen harsunan Kuros Riba, wasu sun bar shi shi kaɗai. 'Yan ƙauyuka ne a tsakanin duwatsu, amma sun hana manyan furofesoshi barci.

Na san abin da wani zai ce: to ai ga shi su kansu masanan ba su daidaita ba, don me za mu ɗauki maganarsu? Amsar ita ce a duba a kan me suke saɓani. Gardamarsu a kan inda za a rataya reshen ne, kusa da Yarbanci ko kusa da Edo ko a tsakiya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce Arigidi karin harshen Yarbanci ne kamar Ijebu ko Ekiti. Shi kansa Capo da ya fi kowa matso da shi kusa, ɗan'uwa ya mai da shi, bai tura shi cikin ɗakin Yarbanci ba.

Dalilin saɓanin kuma ba ɓoyayye ba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Harsunan nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya da Yarbanci, suna auratayya, suna ibada da shi, saboda haka kalmominsa sun cika su maƙil. Aikin mai bincike shi ne ya tsince wanne aro ne, wanne gado ne, kuma aiki ne mai wuya. Mu Hausawa mun san irinsa. Littafi da alƙalami da alƙali da sunayen ranaku da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in duk daga Larabci muka ɗauko, har wasu suka ɗauka Hausa 'yar Larabci ce. Amma kunne da biyu da huɗu ba daga can suka zo ba, danginsu suna Bole da Bade da Angas. Wanda ya ƙirga kalmomin aro a matsayin gado, sakamakon da zai samu na banza ne komai kyan jadawalinsa.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar kalmomi daga bakin dattijo ya san ta inda kuskuren ke shiga. Ɗalibi ya zo da jerin kalmomi 400 na Ibadan, wanda kusan kowane sashen nazarin harshe a ƙasar nan yake amfani da shi, ya ajiye waya a kan benci tana naɗa. Da wane harshe zai yi tambayar? Da Yarbanci, domin shi ne ya haɗa su. Ya ce, Baba, yaya kuke ce wa kaza? Dattijo ya ji kalmar a kunnensa, sai ya maido masa da ita, ya ɗan lanƙwasa ta da lafazin garinsu. Ɗalibi ya rubuta. Can gefe wata tsohuwa tana ɓarar agushi, ba wanda ya tambaye ta, sai ta ce a'a, ba haka iyayenmu suke faɗi ba, ta kawo wata kalma da ba ta yi kama da ta farko ba ko kaɗan. In ɗalibin yana sauri ya kama motar komawa makaranta, ta farkon ce za ta shiga kundinsa, kuma daga kundin nan wani zai ƙirga ya ce kamar da ke tsakanin harsunan biyu ta kai kaza cikin ɗari. Yawancin abin da aka gina rabe-raben Akoko a kansa gajerun jerin kalmomi ne irin wannan. Cikakken nahawu da ƙamus, irin waɗanda Hausa ta samu tun ƙamus ɗin Bargery na 1934, yawancin harsunan nan ba su da su.

Akwai tambayar da ta fi ta rabe-raben daɗi: me ya tara wannan tarin harsuna a ɗan wuri haka? Bayani biyu ake kawowa. Na farko, duwatsu mafaka ne. Akoko tana tsakanin manyan dauloli, Benin daga kudu, Owo a maƙwabtaka, sannan a ƙarni na 19 mayaƙan Ibadan da na Ilorin, da uwa uba Nufawan Bida. Tun zamanin Etsu Masaba har zuwa na Maliki dakarun Bida suna kai hari wannan yanki, suna karɓar haraji, wani lokaci harajin mutane ne. Kada mu manta Bida masarauta ce a ƙarƙashin Gwandu, saboda haka wannan tarihi namu ne mu ma, ba labarin wasu can ba. Mutane suka haye kan duwatsu, kowane ƙauye ya kama tudunsa, Oka ta yi suna wajen tirjiya daga kan nata. Abin bai lafa ba sai da sojojin Kamfanin Neja na Turawan Ingila suka ci Bida a 1897. Saboda wannan alaƙa ne Turawa suka fara lissafa Akoko a lardin Kabba, wato a Arewa, kafin daga baya su mayar da ita ɓangaren Owo a Kudu. Har yau sarkin Arigidi Zaki ake ce masa.

Bayani na biyu ya fi nisa. Masana suna da wata ƙa'ida: inda ka ga rassan dangi ɗaya sun fi yawa kuma sun fi bambanta, akwai alamar nan kusa ne dangin ya daɗe, daga nan ya watsu. Williamson ta nuna wajen mahaɗar Neja da Binuwai a matsayin inda harsunan Binuwai-Kwango suka yi zamansu na farko, kuma Akoko ba ta da nisa da Lokoja. Chinyere Ohiri-Aniche ta yi nazari a 1999 a kan wannan bambancin na Akoko ɗin. A ganina bayanin mafaka shi kaɗai ba ya ɗaukar kayan. Gudun hijirar shekara ɗari ko ɗari biyu ba ya haifar da sabon reshe. Kananci da Sakkwatanci sun yi ƙarnuka kowanne a gefensa, amma Bakano da Basakkwace suna ciniki ba tafinta. Tazarar da ke tsakanin Ukaan da Arigidi ta dubban shekaru ce. Duwatsu sun adana abin da suka tarar ne. In haka ne, ƙauyukan nan suna riƙe da shaidar da za ta bayyana yadda Yarbanci da Edo da Ibo su kansu suka rabu, kuma Bayaraben Oyo ya fi kowa bukatar a ajiye ta.

Yanzu ga ainihin inda maganar take yin zafi, wato siyasa. Mutumin Akoko yana da dalilin jin tsoro in aka ce harshensa ba Yarbanci ba ne. A ƙasar da ake rabon muƙami da hanya da makaranta bisa ƙabila, wa yake son a ce masa shi bare ne a jiharsa? Akoko ta taɓa ba Ondo gwamna, Adebayo Adefarati ɗan Akungba, daga 1999 zuwa 2003, kuma ba wanda zai so gobe a ce masa ai ku ba cikakkun 'yan gida ba ne. Garuruwa da yawa a yankin suna da tarihin baka da ke kai su Ile-Ife, kuma suna riƙe da shi da gaske. Ban raina wannan tsoro ba. Abin da nake cewa shi ne an gina shi a kan zaton da ba gaskiya ba, wato sai harshenka na gado ya zama Yarbanci kafin ka zama Bayarabe.

A duba yadda ita kanta Yarabantakar ta samu. Kafin ƙarni na 19 sunan mutanen Oyo ake nufi da shi. Ijebu da Egba da Ekiti da Ondo kowa da sunansa yake amsawa, kuma sun sha gwabza yaƙi da juna. Bishop Samuel Ajayi Crowther ya buga jerin kalmomin Yarbanci a 1843, jaridar Iwe Irohin ta fito a Abeokuta a 1859, aka yi taron daidaita rubutu a Ikko a 1875, makarantun mishan suka yaɗa daidaitaccen Yarbanci, sannan ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa ta su Awolowo ta ba abin rigar siyasa a shekarun 1940. Ginawa aka yi, kuma ginin ya yi kyau. Rumfar da ta iya ɗaukar Ijebu da Ekiti ba za ta rushe don wani ɗanta yana da harshe na biyu a ɗakin uwarsa ba. Mu ma ai muna da misali a gabanmu kullum. Bafulatanin birnin Kano ko Sakkwato da bai iya gaisuwa da Fulatanci ba, wa ya isa ya ce masa shi ba Bafulatani ba ne? Labarinmu na Banza Bakwai kuma ya jera Kabi da Zamfara a sahu ɗaya da Nupe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa, alhali biyun farko Hausa suke yi, sauran kuwa harsunansu ko gida ɗaya ba su haɗa da Hausa ba. Tarihin baka yana da aikinsa, yana faɗa mana wa ya ɗauki wa ɗan'uwa, wa ya yi wa wa mubaya'a. Ba a auna dangantakar harsuna da shi.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, a kira shi karin harshe ko harshe, ai suna ne kawai. Da sunan ake yanke hukunci. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa. A Akoko wannan "ko" ɗin ita ta share komai, domin harshen muhalli a takarda Yarbanci ne. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi firamare gaba ɗaya da harshen uwa, a 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta janye ta koma Turanci. An yi ta cacar baki a jaridu, amma yaron Erusu ko na Auga ba a taɓa sa shi a lissafin ba, ko a zuwa ko a dawowa. Abin da aka ɗauka karin harshe ne, ba wanda zai zauna ya tsara masa haruffa, balle littafin karatu na aji ɗaya, balle a horar da malami. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabilar kowa ba, saboda haka duk adadin da ka gani na masu jin Arigidi ko Ukaan kintace ne.

Ga kuma yadda rayuwa da kanta take matse su. A tsakiyar shekarun 1950 wasu ƙauyuka takwas suka haɗu wuri ɗaya suka kafa garin Ajowa, cikinsu akwai masu harshen gungun Akoko kamar Uro, akwai masu Akpes kamar Daja da Efifa da Esuku. Haɗuwar ta kawo ci gaba, amma in yaran unguwanni daban-daban suka haɗu a filin ƙwallo, da me za su yi magana in ba Yarbanci ba? A daidai wannan lokaci, a 1955, Awolowo ya buɗe ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Sai aure tsakanin garuruwa, sai tafiya Akure da Ibadan da Ikko neman abinci. Ba na ganin laifin uwar da ta zaɓi yi wa ɗanta Yarbanci da Turanci, lissafinta daidai ne, da su zai ci jarrabawa ya sami aiki. Kuma ba ina cewa a koyar da kimiyya da Ukaan ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mata ba abin da ta rasa, wai ai duk Yarbanci ne.

Mu da muke karanta wannan da Hausa bai kamata mu yi kallon abin daga nesa ba, domin a Arewa mu ne Yarbancin. Harsunan Ajawa da Gamo da Kubi a ƙasar Bauchi sun tafi. Harsunan Auyo da Teshena, dangin Badanci, ba abin da ya rage nasu sai 'yan kalmomi a takarda. Ba wanda ya sa wa masu su wuƙa a wuya, kasuwa da aure da makarantar allo da son shiga jama'a ne suka yi aikin, kuma jikokinsu yau Hausawa ne ba tare da wani ya tambaye su takarda ba. Warji da Miya da Pa'a da Gera suna kan layi. Wanda ya ji haushin a ce wa harshen Arigidi gurɓataccen Yarbanci, to ya tuna yadda muke kallon mai yi wa ɗansa yaren garinsu a cikin motar haya.

Abin da ya rage shi ne wa zai yi aikin. Cikakken binciken da aka yi a kan Ikaan, wani ɓangare na Ukaan, wata Bajamushiya ce, Sophie Salffner, ta yi shi don digirinta a Landan, kuma yawancin kuɗin naɗar ƙananan harsunanmu daga asusun Turai suke fitowa. Malaman jami'o'in Ibadan da Ilorin da Akungba sun yi ƙoƙari, sau da yawa da kuɗin aljihunsu. Alhali Jami'ar Adekunle Ajasin tana zaune a Akungba, a tsakiyar Akoko, tun 1999, akwai cibiyar harsunan Nijeriya ta ƙasa a Aba, akwai asusun TETFund da ke ba da kuɗin bincike. Abin da ake bukata bai kai kuɗin ginin ƙofar jami'a ɗaya ba: na'urar naɗar murya mai kyau, 'yan garin da aka horar su rubuta harshensu da alamun karin sauti, da albashin shekara biyu ko uku. A bar dogaro da jerin kalmomi 400. A naɗi hira mai tsawo, tatsuniya, waƙar daka, shari'ar iyakar gona, addu'ar suna, faɗan kishiyoyi, domin a irin wannan magana ce tsofaffin aikatau da tsarin jimla suke fitowa, kuma su ne za su raba gardamar ko Arigidi ya fi kusa da Yarbanci ko da Edo. A fara da waɗanda suka haura shekara 70, mata kafin maza, tun da su ne ba su cika yawon birni ba. In an gama, kwafi ɗaya ya zauna a jami'a, ɗaya a makarantar firamaren garin da aka naɗo shi, gidan rediyon jihar kuma ya ware wa kowane harshe rabin sa'a a mako ya kira shi da sunansa.